Wanda Ya Cinye Hanya Ya Cinye Gari

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Babu inda maganar nan ta fi kamawa kamar wajen yanka hanya a sabuwar unguwa. Gida in ya tsufa a kan rushe shi a sake wani, soron ƙasa ya koma na siminti, jinka ta koma kwano, mai gida ya mutu magada su sayar wa baƙo. Amma hanya, ran da aka yanka ta, ko ran da aka ƙi yanka ta, to, ta zauna ke nan, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne su za su yi ta bin ta, ko su yi ta kewaya saboda rashinta.

Ga shi kuwa a zamanin nan babu abin da a ke wulakantawa a garuruwan Arewa kamar hanya. Mai gona yana ganin ta hasara ce, dillali yana ganin ta ragin la'ada ce, mai saye kuwa idonsa na kan girman fulotinsa, ba ya tambayar ta ina zai fita. Sai an gama gini, an tare, ciki ya tsufa ko wuta ta tashi, sa'an nan a tuna da ita. Wannan maƙala ƙara ce a kan masu cin hanya, da masu sa musu hannu, da masu kallonsu su yi shiru. An ɗauki Zariya misali, don gari ne wanda bai kai Kano ko Ikko ba, har yanzu yana da bakin gona kewaye da shi, saboda haka gyara bai gagara ba tukuna. Abin da aka faɗa game da ita kuwa ya shafi Funtuwa da Gusau da Dutse da duk wani gari mai tasowa.

YADDA GARIN YA BAZU

Birnin Zazzau na dā a dunƙule ya ke cikin ganuwa mai kewayen wajen mil 10. Daga kowace ƙofa, ko Ƙofar Doka, ko Ƙofar Gayan, ko Ƙofar Kona, ko Ƙofar Kuyambana, akwai hanya mai shiga har ta kai mutum kasuwa da fada da Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Cikin ganuwar har da gonaki da makiyaya. Mutum da ƙafarsa ko da jakinsa ya kan gama bukatarsa ta yini bai gaji ba.

Turawa suka kama garin cikin 1902. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Baro ta ratsa ta nan, ta isa Kano cikin 1911. Daga nan gari ya fara rabuwa. Aka kafa tasha da kantuna arewa da birni, ƙetaren rafin Kubanni. Aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa baƙi, aka yanka Tudun Wada kusa da ganuwa domin 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba. Turawa kuma suka keɓe wa kansu unguwa, bisa ƙa'idar Gwamna Lugga ta barin fili yadi 440 babu gini tsakaninsu da 'yan ƙasa. Dokar garuruwa ta 1917 ta tabbatar da wannan rabo.

Ba don son talaka suka yi haka ba, kuma raba mutane unguwa-unguwa bisa asalinsu ya bar cuta mai yawa. Amma gaskiya ɗaya ce tilas a faɗe ta: a Sabon Gari da Tudun Wada an yanka layi kafin a sa tubali. Layukan miƙaƙƙu ne, suna gicciye juna kamar zanen dara, kowane ya ɓulle cikin wani. Yau sun haura shekara 100, gidajen da ke bakinsu an sake su sau da yawa, kwatoci sun cushe, cunkoso ya yi yawa, amma layin yana nan inda aka ja shi. In wannan ya toshe da biki ko jana'iza, mai keke ya karya ya bi na gaba.

Bayan haka sai manyan ma'aikatu suka riƙa sauka, kowace a nata daji. Gidan gona na Samaru ya kafu cikin 1922, wajen mil 8 daga birni a kan hanyar Sakkwato. Kamfanin Gaskiya ya zauna Tukur-Tukur cikin 1945, Kwalejin Barewa ta komo Zariya cikin 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Samaru cikin 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta kafu cikin 1964, daga baya babban asibitin koyarwa ya koma Shika. Ga barikin soja a tsakiyar gari, ga wani a Basawa. Kowanne alheri ne ga gari, amma kowanne ya zo da katanga ko waya mai tsawo wadda ba a ratsawa, kuma kowanne ya jawo unguwa a gindinsa. Ƙidayar 1963 ta ba Zariya mutum wajen 166,000. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da 400,000 a ƙaramar hukumar Zariya, da kusan 300,000 a ta Sabon Gari. Mutanen nan duka sai da suka sami wurin kwana, kuma mafi yawansu ba hukuma ta yanka musu ba. Ƙauyuka da gonaki na wajen Ɗanmagaji da Gwargwaje da Hanwa da Dogarawa da Hayin Dogo suka zama gari. Tsakanin tsoffin gutsattsarin nan ya cike da gini, amma hanyoyin da ke haɗa su ba su ƙaru daidai da ginin ba. Shi ya sa kusan kowa, ko ina ya nufa, sai ya fito babban titi, ya bi ta Kwangila ko ta gadar Kubanni.

AWON IGIYA

Mai karatu ya san yadda a ke yi. Gari ya iso bakin gona, mai gona ya rasu, magada suna son rabo. Sai a kira dillali, ya zo da igiya da turaku da yara biyu. Kafin la'asar gonar da ta shekara 50 tana ba da dawa ta zama fulotai. Ba a dubi inda ruwa ya ke gangarawa ba, ba a tambayi mai gonar gabas ta ina ya bar tasa hanya ba, balle a daidaita bakin wannan da bakin waccan.

Dalilin cin hanyar kuwa lissafi ne, kuma wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci yana iya yin sa da kansa. Eka guda ƙafa 43,560 ce murabba'i. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya ci ƙafa 5,000. Gona mai eka 10, in aka yanka ta kaf ba a bar kome ba, za ta ba da fuloti 87. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da mazaunin jama'a ta ba da shawara a bar wa hanyoyi aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar unguwa. In aka bi wannan, gonar nan fuloti 60 za ta bayar. Tsakanin 87 da 60 akwai fuloti 27, to, kuɗin waɗannan 27 su ne ke rufe wa mai gona da dillali ido. Ba sa iya cinye hanya duka, don ba mai sayen fulotin da sai da tsani za a shiga, saboda haka sai su bar ɗan kwararo ƙafa 10 ko 12, ya shiga tsakiyar gona ya tsaya a iyakarta. Mai gonar da ke baya shi ma ya yi nasa daga wancan gefe, ya tsaya a iyakarsa. Kwararo biyu suna duban juna, tsakaninsu gida guda ya tare, ba za su sadu ba har abada.

Sauran ɗan abin da aka bari kuma masu gini su ƙarasa shi. Wannan ya turo katangarsa taku biyu, wancan ya fito da dakali, na gaba ya haƙa masai a waje, wani ya kafa shago. Kowa yana cewa ai kaɗan ne. Kwararon da aka bari don mota ya koma na babur, na babur ya koma na mai tafiya a karkace. Wanda ya saci akuya a kasuwa a kan bi shi da ihu, amma wanda ya saci taku uku na hanyar mutum dubu sai a zo masa barka da tarewa.

WA KE BIYA?

Ribar fuloti 27 ɗin nan sau ɗaya a ke cin ta, mutum biyu ko uku suka raba. Bashin kuwa kowace safiya a ke biyan sa, kuma waɗanda ba su ci kome ba su ke biya.

A ɗauki misalin yaro wanda makarantarsa ke bayan gidansu, har yana jin ƙarar ƙararrawa daga tsakar gida, amma lungunsu bai ɓulle ba. Tilas ya fito babban titi, ya bi gefensa cikin motoci, sa'an nan ya sake shiga wani lungu. In kewayen nan ya ƙara masa rabin mil zuwa, rabin mil dawowa, mil guda ke nan kowace rana. Cikin kwana 180 na karatu ya yi mil 180, watau ya kusa tafiyar Zariya zuwa Kano da komowa, a banza, kowace shekara. Uban da ke tsoron titi sai ya biya kuɗin acaɓa, wanda ba shi da hali kuwa sai ya ce yarinya ta zauna gida.

Dā can da man fetur ke da araha ba a jin ciwon kewaye sosai. Da aka janye tallafin mai cikin watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, cikin 2024 kuma ta haura naira 1,000. Tun daga nan kowane lungu marar ɓullewa ya zama haraji. Mai garuwa ya ƙara kuɗin ruwa don nisan turi, mai keke mai ƙafa uku ya ce ba ya shiga sai an ƙara, mai tallan kayan miya ta daina zuwa. Shagon da ke ƙuryar lungu ba shi da ciniki sai na gida biyar, don ba mai wucewa ta ƙofarsa. Ciniki kuwa ɗan hanya ne, inda ƙafa ke yawa nan ya ke zama.

Ba mutane kaɗai ke bin hanya ba. Famfo ita ya ke bi, turakun lantarki ita su ke bi, lambatu ita ya ke bi. Unguwar da ba ta da hanya mai ɓullewa ba ta da ta inda ruwan sama zai fita, sai ya taru a ƙuryar lungu, ya ci gindin katanga, ya zama gidan sauro. Zariya kuwa ƙasa ce mai ruwa, cikin Agusta ba a wasa da ita. Motar kwasar shara ba ta shiga, sai juji ya tashi a kan fulotin da ba a gina ba.

Mafi muni shi ne ran gaggawa. Mace na naƙuda da tsakar dare, mota ta tsaya bakin titi don ba ta iya shiga, sai a ɗauko ta a baro ko a tabarma. Gobara ta tashi, motar kashe wuta ta iso unguwa amma ba ta iso gidan ba, tiyo bai kai ba, jama'a na tsaye da bokiti. A wannan sa'a dillali yana gidansa yana barci.

Akwai kuma hasarar da ba a gani sai an daɗe. Tun da unguwannin ciki ba su haɗu da juna ba, kowa so ya ke ya yi gini a bakin babban titi. Sai gari ya yi ta miƙewa siriri kamar zare, hanyar Kaduna, hanyar Kano, hanyar Sakkwato, hanyar Jos, yana cin gonaki da fadamun da ke ciyad da shi, alhali kuwa a bayan layin farko akwai kangwaye da fulotan da aka kewaye aka bari. Babban titin da aka yi don matafiya ya koma kasuwa, da tasha, da hanyar 'yan makaranta, duk a lokaci guda. Daga nan sai haɗari.

BA ZARIYA KAƊAI BA

Kada a zaci wannan ciwo na Hausawa ne su kaɗai. Wasu masana biyu, Christopher Barrington-Leigh na Jami'ar McGill a Kanada da Adam Millard-Ball na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, sun ɗauki taswirar hanyoyin duniya, tsawon kilomita miliyan 46, suka sa kwamfuta ta ƙirga inda hanya ta gamu da hanya, da inda ta mutu, da yawan kewayen da mutum ke yi kafin ya kai inda ya ke hange. Suka gwama da hotunan tauraron ɗan'adam don su san shekarun da kowace unguwa ta tsiro. Sakamakon ya fito cikin 2020. Cikin ƙasashe 134 mafi yawan jama'a, kashi 90 cikin 100 hanyoyin sababbin unguwanninsu sun ragu wajen haɗuwa da juna tun daga 1975. Irin tsarin nan na rukunin gidaje mai katanga da ƙofa guda ya kusa ninkawa. Sun kuma lura garin da ya fara da tsinkakkun hanyoyi ya kan ci gaba da haka, kamar ɗabi'a.

Tarihi ma ya ba da shaida ta fuska biyu. Birnin Landan ya ƙone ƙurmus cikin 1666. Gwanin gini Christopher Wren ya kawo sabon zane mai faffaɗan tituna, amma masu filaye kowa ya tsaya kan iyakarsa, sai aka sake gina birnin bisa tsoffin lunguna. Gobarar da ta ci gidaje fiye da 13,000 ba ta iya kau da hanya ba. A Niyok kuwa, cikin 1811, lokacin da yawancin tsibirin Manhatan gonaki ne da duwatsu, hukuma ta zana manyan tituna 12 da masu gicciye su 155, ta kafa alamu a daji. Shekaru da yawa suka wuce kafin gini ya kai wasunsu, amma da ya kai sai ya tarar da hanya tana jiransa.

HUJJOJIN MASU MUSU

Masu cin hanya ba su rasa abin faɗa ba, kuma daidai ne a saurare su.

Na farko ya ce, ai birni ma lunguna ne, kakanni ba su san layi ba, suka zauna lafiya. Gaskiya ne akwai lungu marar ɓullewa a birni, amma gajere ne, na dangi ne ko na gida uku huɗu, kuma a rataye ya ke jikin hanya mai ɓullewa wadda ta taso daga ƙofar gari. Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin biyun tun dā: hanya mai ɓullewa haƙƙin jama'a duka ce, ba mai ikon tare ta ko rage ta, marar ɓullewa kuwa ta mazaunanta ce. Har an san ƙa'idar zira'i 7 in an yi jayayya kan fāɗin hanya, gwargwadon abin da raƙumi da kayansa zai wuce. Mutanen da suka auna hanya da mafi girman abin hawan zamaninsu ba su ne za a kafa hujja da su ba don a bar kwararon da motar asibiti ba ta shiga.

Na biyu ya ce, zamani ya lalace, lungu mai baki ɗaya ya fi tsaro, ɓarawo ba ya son shiga inda ba mafita. Tsoron nan ba na banza ba ne, kowa ya san halin da ƙasa ta shiga. Amma ƙofar ƙarfe da a ke rufewa da dare a buɗe da asuba daban ta ke da gidan da aka dasa a tsakiyar hanya. Ƙofa ran da aka sami lafiya a kan cire ta cikin sa'a guda, gida kuwa sai da shari'a da diyya da gaba. Har wa yau, lungun da ba mai bi shi ne wurin da a ke fasa shago ba wanda ya gani, kuma bakin nan ɗaya da ya hana ɓarawo fita shi ne zai hana masu gida fita in abin ya zo ta nan.

Na uku ya ce, talaka ba ya iya sayen fulotin hukuma, jiran sa ya fi shekara, in ya fito kuma manya ke rabawa, awon igiya shi ne gatan marar gata. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma laifin da ke cikinta na masu mulki ne. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha amana domin jama'a, dokar tsara birane ta 1992 ta ba da ikon hana gini ba bisa tsari ba. Wanda ya karɓi amana bai yanka wa mutane wurin zama ba, ba shi da bakin zagin wanda ya yanka wa kansa. Amma duk da haka hujjar ba ta wanke dillali ba. Ba a ce ya zuba kwalta ba, ba a ce ya gina lambatu ba. Abin da a ke nema ya bar wurin kawai, ya daidaita bakinsa da na maƙwabci. Igiyar da ta auna fuloti ita ce za ta auna hanya. Arahar da talaka ya samu ran saye kuwa, cikin shekara kaɗan kuɗin acaɓa da na garuwa da na maganin zazzaɓi sun cinye ta.

Na huɗu ya ce, a bari dai, in gari ya cika hukuma za ta zo ta fasa titi. Lalle ta kan zo. Cikin 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta fara aikin sabunta biranen Kaduna da Zariya da Kafanchan, aka faɗaɗa tituna, aka yi gadoji. Amma fasa titi cikin ginannen gari sai da rusau, rusau kuwa kuka ne, ko an biya diyya ko ba a biya ba. Kuɗin da za a kashe a buɗe mil guda cikin gidaje ya isa a kafa turakun mil da yawa a gona. Kuma babban titi, kome kyansa, ba ya shiga lungu-lungu ya haɗa su. Yaron nan mai kewaya zuwa makaranta, faɗaɗa titi bai rage masa taku ɗaya ba, sai ma ya ƙara masa wuyar ƙetarewa.

ABIN DA YA KAMATA

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Unguwar da ta riga ta ginu sai lallaɓawa: a nemi inda lungu biyu suka kusa gamuwa, jama'a su haɗa kuɗi ko hukuma ta biya, a sayi fuloti guda ko rabinsa a buɗe, ko da na ƙafa da keke ne. Manyan ma'aikatu masu doguwar katanga su ma a roƙe su su bar ƙofar masu ƙafa inda ya yiwu. Amma babban aiki yana bakin gari, inda har yanzu dawa ke tsaye.

Hukumar tsara birane ta riga gini isa gona. Ba sai ta jira kuɗin kwalta ba. Ta ja manyan layuka tsakanin kowane rabin mil, ta kafa turakun siminti, ta dasa itatuwa a gefe don kowa ya san nan hanya ce, ta biya mai gona abin da aka ɗiba, ta bar shi ya ci gaba da noma har gini ya iso.

Hakimai da dagatai da masu unguwa su ne ke sa hannu a takardar ciniki, su ne kuma suka san iyakar kowace gona. Kada hannun nan ya sauka sai an nuna musu hanya, an auna fāɗinta a gabansu, an tabbata ta ɓulle, ko an bar bakinta a buɗe a iyakar gona don na gaba ya ɗora. Mai unguwar da ya sa hannu a kan toshe hanya don ɗan goro, da shi za a yi ta ambato duk ran da aka ɗauko gawa a karkace.

Saura mai saye, shi ne mai karatun nan. Dā a kan cuci mutum don bai iya karatu ba, a miƙa masa takarda ya dangwala yatsa. Yanzu ya iya. In zai sayi fili, ya taka hanyar da ƙafarsa har ya ga inda ta fita. Ya sa a rubuta fāɗinta cikin takarda da lamba, ƙafa 30 ko 40, da sunan hanyar da ta faɗa ciki, shaidu su sa hannu a kan wannan kamar yadda suka sa a kan kuɗi. In dillali ya ce ai ba kome, za a gyara daga baya, ya riƙe kuɗinsa ya yi gaba. Ran da masu saye 10 suka juya baya a jere, ran nan igiya za ta koyi barin hanya. In ya zo gini kuma, ya tsaya kan turakunsa, kada ya zama shi ne mai turo katanga.

Akwai wani ɗan aiki da kowane mai fensir zai iya yi yau da yamma. Ya sami takarda ya zana unguwarsu, kowane layi da kowane lungu. Inda hanya huɗu suka gamu ya sa alamar gicciye, inda uku suka gamu ya sa ɗigo, inda lungu ya mutu ya sa sifiri. Sa'an nan ya ƙirga. In gicciye ya fi yawa, ya gode wa waɗanda suka yanka unguwar, ya tsare abin da suka bar masa. In sifiri ya fi yawa, ya ɗauki takardar ya kai wa mai unguwa, a tara dattawa, a dubi wane sifiri ne za a iya buɗewa kafin mai kangon da ke bakinsa ya kawo bulo. Aikin da masanan nan biyu suka sa kwamfuta ta yi wa duniya ke nan, ba wani abu ba, kuma wanda ke kwana a unguwa ya fi tauraron ɗan'adam sanin lungunta.

Waɗanda suka ja layukan Tudun Wada da Sabon Gari sun daɗe da barin duniya, ba a ma san sunayen yawancinsu ba, amma kullum dubban mutane na cin moriyar igiyarsu. Masu riƙe da igiya yau a gonakin Shika da Dakace da Basawa su ma za a shekara 100 ana bin abin da suka auna. Su zaɓi irin ambaton da su ke so a yi musu.